Fim Ɗin 'Yan Daba a Ingila: Daga Zagi Zuwa Yabo

Hausawa kan ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. To, amma duk wanda ya bi tarihin finafinan 'yan daba na ƙasar Ingila zai ga karin maganar nan bai ci ba a wurinsu, domin waɗanda aka fi yi wa tofin Allah-tsine ranar fitowarsu, su ne daga baya aka ɗora a kan gaba.

Mu fara da Brighton Rock, wanda ya fito a 1948, aka kuma ɗauko labarinsa daga littafin Graham Greene na 1938. Richard Attenborough ne ya fito a matsayin Pinkie, yaro ɗan shekara 17 mai yanka mutane da aska, wanda ya auri wata yarinya don kawai kada ta ba da shaida a kansa a kotu. Mai sharhin jaridar Daily Mirror ya yi wa fim ɗin kaca-kaca, yana ganin ƙazanta ce da ba ta dace a nuna wa jama'a ba.

Shi ma Get Carter na 1971, wanda Mike Hodges ya shirya, bai tsira ba. Michael Caine ne Jack Carter, tantirin da ya taso daga Landan ya koma garinsu Newcastle neman wanda ya kashe ɗan'uwansa. Masu sharhi da dama sun ce rashin imaninsa ya yi yawa. Amma a 1999, da Cibiyar Finafinai ta Birtaniya ta jera finafinan ƙasar guda 100 mafi inganci, sai ga Brighton Rock a na 15, Get Carter a na 16.

Abin tambaya a nan shi ne, me ya sauya? A ganina masu tarken farko sun tsaya ne ga ƙirga jinin da aka zubar, ba su dubi jigo ba. Carter bai ci ribar komai ba. Ya gama ɗaukar fansa, sai wani maharbin haya ya bindige shi a bakin teku, inda ake zubar da dattin kwal. Wanda ya kalli wannan ƙarshe da idon basira ba zai yi sha'awar daba ba.

Sai dai yabon ya zo da tasa illa. Bayan Guy Ritchie ya fito da Lock, Stock and Two Smoking Barrels a 1998 da Snatch a 2000, masu kwaikwayonsa sun cika kasuwa da finafinan da suka mai da kisa abin raha, ɗan daba kuma ɗan gaye mai iya baƙar magana. Har tagwayen nan Kray, waɗanda kotu ta yanke wa ɗaurin rai da rai a 1969 saboda kisan kai, an yi finafinai a kansu a 1990 da 2015, wasu masu kallo kuwa suka ɗauke su jarumai.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwa ɗalibai da mu riƙa auna irin waɗannan finafinai da tambaya guda: shin an nuna mana wanda aka cuta da abin da cutar ta jawo, ko kuwa an ɓoye shi a bayan kwat ɗin tauraro? Wanda ya nuna ya cancanci nazari komai muninsa, wanda ya ɓoye kuwa talla ce kawai yake yi wa daba.