Jinjina Ga Masu Haɗin Waya A Masana'antu

A manyan masana'antu irin matatar mai ko kamfanin siminti, akwai dogayen akwatunan ƙarfe kusa da ɗakin sarrafa injuna. Nan manyan kebul daga fili suke sauka, ɗauke da wayoyin ma'aunan zafi da matsi da gudun ruwa, amma ba a jeren da kwamfuta ke buƙata ba. Masu haɗin waya ne ke ɗaukar kowane zare, su tsallakar da shi zuwa gurbin da aka tanadar masa a katin kwamfuta.

Haƙurinsu yana burge ni ƙwarai. Mutum zai wuni a durƙushe da zane a hannu, yana feɗe waya, yana matse bakinta, yana sa mata lamba a kai da gindi, don kada mai gyara ya yi lalube bayan shekaru. Saƙon da wayar ke ɗauka bai wuce miliamfa 4 zuwa 20 ba, amma idan ta kuskure gurbi, zafin wani tanki zai fito da sunan wani. Shi ya sa suke gwada kowane layi kafin a tayar da inji, ɗaya a fili, ɗaya gaban allo, suna magana ta oba-oba har lamba ta dace.