Yaranmu sun san katana, ba su san Gajere ba

Ɗan ƙanwata ne ya sa ni wannan rubutu. Yana babbar sakandare a Minna, hutu ne ke kawo shi wurinmu nan Kuta. A hutun da ya wuce ya iso da fararen kayan kareti a cikin jaka, kullum bayan sallar asuba sai ya zaga bayan gida ya yi ta atisaye shi kaɗai. Da dare kuma ya kafa wa waya ido yana kallon wani tsoho ɗan Japan yana ƙera takobi. Ya san sunan takobin, katana. Ya san ana buge ƙarfen a naɗe, a sake bugewa a naɗe fiye da sau goma. Ya san ana shafa wa jikin takobin yumɓu kafin a gasa a tsoma a ruwa, shi ya sa yake fitowa da ɗan lanƙwasa da wani zane a bakinsa kamar igiyar ruwa. Wallahi na ji daɗin yadda ya iya bayani. Sai na ce masa, "To, Gajere fa?" Ya dube ni ya ce, "Kawu, wane ne Gajere?"

Gajere shi ne takobin sarautar Katsina, wanda ake dangantawa da Muhammadu Korau, kuma har yau yana cikin kayan sarautar gidan. Yaron bai taɓa jin sunansa ba, kuma ban ga laifinsa ba. Abin da aka nuna masa shi ya sani.

Ba na cikin masu ƙyamar yadda matasanmu suka rungumi kareti da judo. Na ga abin da suka yi wa wannan yaro: ya rage yawon dare, ya iya tsayuwa a gaban babba, jikinsa ya yi ƙwari. Damuwata ita ce mun ɗauko wa Japanawa riga da ɗamara, mun bar babban abin da ya kamata mu koya a wurinsu, wato yadda suka yi da gadon kakanninsu lokacin da zamani ya juya masa baya.

Samurai su ne jinsin mayaƙan da suka riƙe Japan ɗaruruwan shekaru, kamar dai barade da jarumawan fada a ƙasar Hausa. A 1876 gwamnatin sarki Meiji ta hana su yawo da takobi. Sojan zamani mai bindiga ya maye gurbinsu, malaman yaƙi suka rasa ɗalibai, maƙera da yawa suka koma ƙera wuƙar girki da kayan noma. A wannan hali ne wani malamin makaranta mai suna Jigoro Kano (sunan ya zo ɗaya da na birnin Kano ne kawai, babu dangantaka) ya tattara dabarun kokawar samurai, ya ware waɗanda ke karya mutum daga wasan gasa, ya shimfiɗa ƙa'idoji, ya buɗe makarantar Kodokan a 1882. Wannan ita ce judo, kuma a 1964 ta shiga gasar Olamfik a Tokyo. Wasan takobi ma haka ya tsira: ana yin sa da sandar gora da kwalkwali da garkuwar ƙirji, sunansa kendo, ana buɗe shi da gaisuwa a rufe da gaisuwa. Harbin baka ya zama kyudo. Tun 2012 wajibi ne ɗan ƙaramar sakandare a Japan ya koyi ɗaya daga cikin irin waɗannan wasanni.

Ƙira ta fi ba ni sha'awa. Bayan Japan ta faɗi a 1945, sojojin Amurka suka hana ƙera takobi, suka ƙwace masu yawa. Da aka sake ba da izini a 1953 sai aka ɗaure sana'ar da doka: ba ka zama maƙerin takobi sai ka yi aƙalla shekara 5 a ƙarƙashin ubangida mai lasisi, ba ka wuce dogayen takubba 2 a wata, kuma kowane takobi sai an yi masa rajista. A 1977 suka farfaɗo da tsohon murhun narka ƙarfe a yankin Shimane, inda ake kwana uku ana zuba yashin ƙarfe da gawayi ba dare ba rana. Tsohon da ɗan ƙanwata yake kallo a waya, wannan tanadi ne ya sa yake nan.

Mu ma muna da abin tanadawa. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. A Daura ana ajiye da makamin da aka ce maƙeran Gaya suka ƙera wa Bayajidda. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar ana kawo ruwan takubba daga Solingen ta ƙasar Jamus ta hanyar Sahara, masu sana'ar Kano su sa musu mariƙi, su ɗinka kube, a sayar wa Hausawa da Fulani da Nufawa da Barebari da Buzaye. Kada wani ya ji kunyar wannan. Takobi ɗaya aikin hannu da yawa ne: maƙerin baƙi, maƙerin fari mai yi masa ado da tagulla, baduku mai kube, mai saƙa hamila. Kuma kafin ƙarfen Turawa ya cika kasuwa, kakanninmu suna haƙo tama su narka da kansu.

Yau ka je wurin maƙera ranar kasuwa, nan Kuta ko Gwada. Zuga-zugi na aiki, masaba na sauka kan uwar maƙera, amma fartanya ce da garma da gatari da lauje, daga tsohon sifirin mota. Sana'a ce mai albarka, da ita muke cin doya. Sai dai na tambayi wani dattijo a cikinsu ko zai iya yi mini takobi irin na da, ya ce mahaifinsa ya iya, shi ya gani da ido kawai, 'ya'yansa kuwa ko gani ba su yi ba. A hawan salla kuma, yawancin takubban da nake gani a kafaɗar mahaya na ado ne, kube mai ƙyalli, abin da ke ciki ba a so a zare. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya, Bida kuma tun 2021 take cikin biranen da hukumar ta karrama saboda sana'ar hannu. Ina murna da duka biyun. Amma karramawa ba ta koya wa yaro riƙon awartaki.

Na san abin da mutumin Kuta zai ce mini, domin an riga an faɗa mini a fuska: "Malam, a wannan lokaci kake zancen makami?" Yana da gaskiyarsa. Mu ne muka ga mutanen ƙauyukan Shiroro sun cika makarantar firamare a garin nan, mata da yara, 'yan bindiga sun raba su da gonakinsu. Kuma wanda ke zaune a ƙasar Gwari bai isa ya yi wa takobin mahayi kirari ba tare da tuna cewa dawakin Kwantagora na zamanin Nagwamatse sun sha faɗa wa garuruwan Gbagyi suna kama mutane ba. A wurin maƙwabtana takobi ba ado ba ne a tarihinsu, abin da suka tare shi da shi kwari da baka ne da kan dutse. Samurai ma ba waliyyai ba ne, kuma sojojin Japan sun yi ta'asa a Chana da Koriya suna ambaton sunansu.

Duk na yarda. Amma wanda ya kori mutanenmu daga gida da bindiga ya zo, ba da gadon maƙera ba. Yaran da ke sare-saren juna da adda da gariyo a unguwannin Minna kuwa, ba malami ne ya koya musu ba, rashin malami ne ya kai su can. Ƙarfin saurayi kamar ruwan damina yake, in ba a yi masa hanya ba zai yi wa kansa. A da akwai mai yi masa hanya: sarkin samari, filin kokawa bayan kaka, uban gida a dambe, tsohon maharbi da ba ya ba yaro baka sai ya gwada haƙurinsa. Waɗannan ne suka yi rauni, ƙarfin yana nan.

Ba sai mun je Japan neman misali ba. A 1975, zamanin Seyni Kountché, Nijar ta fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, Yakuba Kantu na Maraɗi ya yi nasara a karon farko. Gasar tana zagaya jihohi, da alƙalai da ƙa'ida da fili na musamman, rediyo da talabijin suna ɗauka, ƙasa gaba ɗaya tana saurare. Wanda ya kayar da kowa, takobi ake miƙa masa, har gasar ma da sunan takobin aka fi saninta. Yaron Dosso yana tashi da burin zama kamar zakaran kokawa Isaka Isaka. Damben mu ma ya sami kasuwa a YouTube, ana kallon 'yan Kudu da Arewa da Guramaɗa daga ƙasashen da ba su taɓa jin makaɗin dambe Ɗan Anace ba, sai dai har yanzu ɗan damben da ya karye shi ke jinyar kansa.

Roƙona ƙarami ne. Masarautar Minna da hukumar wasanni ta Jihar Neja su sa kokawa da harbin baka cikin gasar makarantu, da kibiya marar tsini da abin auna saiti, a ɗauko tsofaffin maharban Gbagyi da na Hausawa su koyar, a biya su. A nemo maƙeran da suka rage masu sanin takobi da mashi, nan da Bida da Kwantagora da Suleja, a yi musu rajista, a ba kowannensu almajiri ko da biyu, fada kuma ta riƙa sayen kayan hawanta a wurinsu.

Kai kuma mai karatu, in akwai tsohon maƙeri ko maharbi a unguwarku, ɗauki yaronka da wayar nan tasa ku je ku gaishe shi, ku roƙe shi ya nuna muku abin da ya sani, ku ɗauka. Ni da ɗan ƙanwata mun sa ranar zuwa wurin dattijon maƙerin nan a hutu mai zuwa, in Allah ya kai mu.