Jigon Ramuwar Gayya a Fim ɗin The Last House on the Left: Tsokaci Daga Bakin Rijiyar Kusugu

A shekarar 1972 ne Wes Craven ya fito da fim ɗinsa na farko, watau The Last House on the Left, wanda Sean Cunningham ya ɗauki nauyin shiryawa a Amurka da kuɗin da ba su kai dala dubu 100 ba. Yana cikin rukunin finafinan ban tsoro masu araha, waɗanda ke farautar 'yan kallo da jini da tsiraici, har hukumar tace finafinai ta Ingila ta hana shi izini a 1974, ba ta sake shi cikakke ba sai a 2008.

Zubin labarin gajere ne. Wasu 'yan ta'adda a ƙarƙashin Krug sun kama Mari, 'yar shekara 17, da ƙawarta Phyllis, suka yi musu fyaɗe, suka kashe su a daji. Motarsu ta lalace, dare ya yi, suka nemi masauki a wani gida, ashe na iyayen Mari ne. Uwar ta ga sarƙar 'yarta a wuyan ɗayansu. Daga nan sai ramuwa.

Craven aro ya yi daga The Virgin Spring na Ingmar Bergman, na 1960, wanda shi ma daga wata tsohuwar waƙar gargajiya ta Suwidin ya samo tushe. A can, bayan uban ya gama kisa sai nadama ta kama shi, ya yi alkawarin gina coci, ruwa kuma ya ɓuɓɓugo daga inda gawar 'yar ta kwanta. Manazarcin da ya san tarihihin Daura ba zai rasa jin ƙamshin wannan ba. Bayajida baƙon dare ne, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya sare kan macijin da ya hana mutane ɗiban ruwan Kusugu sai ran Juma'a, gari ya sami ruwa, shi kuma ya sami auren Daurama. Ba ramuwa ya yi ba, amma a labaran biyu jinin da aka zubar ruwa ne ya biyo bayansa, watau al'umma ta ga abin da kisan ya haifar.

To, a nan Craven ya saki hanya, kuma a nan ƙarfinsa yake. Baƙinsa na dare su ne macijin. Ruwan da ke fim ɗin na mutuwa ne: a tafki aka harbe Mari, a kududdufin wanka na gidan uwar ta yanka Sadie. Uban kuwa, likita ne mai mutunci, da zarton inji ya gama da Krug. Hausawa sun ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, amma fim ɗin bai bar ɗan kallo ya ji daɗin zafin ba. Iyayen sun ƙare jina-jina, ba su da abin cewa. Mai karatu da ya saba da hukuncin ƙisasi, inda haƙƙin jini na dangi ne amma zartarwa ta hukuma ce, zai lura cewa jami'in tsaro bai iso ba sai da aikin gama ya gama.

Sai dai akwai rauni babba. 'Yan sandan nan biyu an mai da su wawaye, man motarsu ya ƙare, suna roƙon a rage musu hanya a motar kaji, ana ta kiɗan raha, alhali yanzu aka bar yarinya cikin jini. Masu kare Craven kan ce da gangan ya gwama, don ya ƙona ran mai kallo kamar yadda hotunan yaƙin Biyetnam suka yi a talabijin. Uzurin bai gamsar ba. Haka kuma kyamara ta daɗe a kan wulakancin 'yan matan fiye da bukatar jigo, ta yadda mai sayen tikiti don kallon azaba ya sami abin da ya biya tun kafin a zo ga ramuwar da ake son ya ƙyamata.