Zaman Gida a Waƙar Hausa: Matsalar Jigon da Ba a Ba Shi Suna Ba

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu jawo hankalin manazarta ga wani giɓi da muka daɗe muna cin karo da shi wajen koyar da waƙa ga ɗalibai masu shirin zama malamai. Idan muka zo rarraba rubutattun waƙoƙi bisa jigoginsu, mukan ambaci wa'azi da madahu da furu'a da marsiyya, sa'an nan mu gangaro ga siyasa da ilmi da gargaɗi a kan miyagun halaye. A cikin wannan rabo babu inda aka keɓe wa zaman gida wuri, wato daɗin da mutum yake ji da iyalinsa, da hirar tsakar gida bayan sallar isha'i, da tuwon da uwa ta tuƙa, da amincin aboki. Ɗalibi mai lura yakan tambaya ko Bahaushe bai san wannan daɗi ba ne. Amsarmu ita ce ya san shi, ya kuma waƙe shi, sai dai ya bi da shi ta hanyar da ma'aunanmu ba su saba bi ba.

Bari mu fara da rubutacciyar waƙa. Gaskiya ne gida yana cikinta, amma galibi ta ƙofar gargaɗi yake shiga. Mu'azu Haɗeja ya yi Waƙar Giya da Waƙar Karuwa, Aƙilu Aliyu ya yi 'Yar Gagara, kuma duk wanda ya karanta su zai ga abin da ake karewa shi ne mutuncin gida da aure. To amma abin da ke rushe gidan aka zana mana da kyau, shi gidan kansa yana zaune lafiya ba a nuna mana shi ba. Haka Imam Umaru, wanda aka haifa a Kano ya kuma rasu a Kete-Krachi ta ƙasar Gana a 1934, ya kawo mana abinci da sutura da zaman jama'a a waƙarsa ta Talauci da Wadata, da idon mutumin da ya san rayuwar yau da kullum ƙwarai. Duk da haka manufarsa ita ce ya nuna yadda rashi yake zubar da darajar mutum a idon jama'a.

Ƙofa ta biyu ita ce mutuwa. Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello marsiyya, ta yi wa mijinta Giɗaɗo, ta kuma yi wa aminiyarta A'isha. A ganinmu marsiyyoyin A'isha suna cikin mafi kyawun abin da aka rubuta a kan ƙawance a wannan ƙasa. Sai dai abu biyu ya kamata a lura da su. Na farko, da Larabci da Fulatanci ta yi su, ita da ta yi waƙoƙin karantar da mata da Hausa. Na biyu, sai da ƙasa ta rufe idon A'isha sa'an nan bakin Asma'u ya buɗe. Ba mu ɗauki wannan a matsayin aibi ba. Mun ɗauke shi a matsayin alama ta abin da al'ada ta yarda a faɗa, da lokacin da ta yarda a faɗe shi.

A nan ne muke ganin tushen al'amarin, wato kunya. Uwa Bahaushiya ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, sau da yawa ma kaka ko gwaggo ce take riƙonsa. Mace ba ta kama sunan mijinta, sai ta ce "maigida" ko "Malam" ko kuwa "shi" kawai. Magidanci ba ya zama a zaure ya yabi matarsa a gaban abokai, in ya yi sai a ce an shanye shi. To mutumin da aka rena a kan haka, yaya za a yi ya ɗauki alƙalami ya tsara baitoci a kan ƙaunar ɗansa, ya sa sunansa a baitin ƙarshe kamar yadda marubuta suka saba, a rera a kasuwa? Rubutacciyar waƙa magana ce ta bainar jama'a, ta taso daga zauren malamai, kuma abin da ba a faɗa a zaure da wuya ya shiga cikinta. Har abin da muke iya kira waƙoƙin farin ciki, kamar Waƙar Damina ta Na'ibi Sulaimanu Wali da Waƙar Keke ta Aliyu Namangi, a waje suke tsayawa, ɗaya a gona ɗaya a kan hanya. Ba su ƙetare zaure sun shiga cikin gida ba.

Da zarar an ƙetare zauren kuwa, sai a tarar da waƙa ko'ina. Akwai ta reno, akwai ta niƙa da ta daka, akwai ta daɓe idan mata suka taru gyaran ɗakin amarya, ga kuma ta gaɗa da 'yan mata suke yi a dandali da farin wata. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa ta ƙasar Zazzau aka buga shi a 1954, ya nuna yadda waƙa take tafiya tare da aure da suna da ƙulla ƙawance a rayuwar mace. Abin sha'awa a nan shi ne kunyar ba ta kau ba, salo kawai ta haifar. Mai niƙa ba za ta ce tana son mijinta ba, amma za ta yi wa kishiya habaici, kuma mai kunne ya san abin da ake kishi a kansa. Mai reno za ta yi wa jariri kirari da dangin ubansa, ta yi masa alkawarin abin da ba ta da shi, ta haka take faɗin abin da ba za ta faɗa da magana ba. Kaka kuwa takan kira jikanta mijinta, ta kushe shi, ta ce ba ya cefane, alhali kowa ya san wannan zambo ƙauna ce zalla. Manazarcin da ya tsaya ga ma'anar kalmomi kaɗai zai rubuta "jigon habaici" ko "jigon zambo" ya wuce, bai san ya bar ainihin waƙar a baya ba.

Wasu makaɗa sun fito da wannan murya fili. Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta ɗauki kiɗan ƙwarya na amada ta waƙe haihuwa da gwarne da kishi da sana'ar mata, cikin raha da ba ta jin nauyin kowa. Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya kwaikwayi muryar miji da ta mata a Jawabin Aure, har mai sauraro ya ji kamar yana leƙen gidan maƙwabcinsa ta kan katanga. Ko da yake shi ma nasiha ce manufarsa, amma dariyar da ake yi ta gane kai ce, domin kowa ya ji gidansu a ciki. Ta fuskar rubutu kuma, littafin Alƙalami a Hannun Mata na 1983, mai ɗauke da waƙoƙin Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu, ya nuna cewa mata suna rubutawa. Sai dai mu faɗi gaskiya, da suka riƙi alƙalami su ma muryar faɗakarwa suka fi ɗauka, irin ta maza.

Wani zai ce waƙar reno da ta niƙa ba su da nauyin da za a jera su da Imfiraji, ba su da tsayayyen amsa-amo, ɗangoginsu kuma ba su daidaita ba. Mun yarda ba a auna su da arulin Larabci. Karinsu daga aikin yake fitowa, daga tafiyar dutse da saukar taɓarya da jijjigar goyo, kuma wanda ya raba kalmomin da wannan motsi ya rubuta su a takarda ya zubar da rabinsu. Wannan kasawa ta kayan aikinmu ce, bai kamata a ɗora wa waƙoƙin ba.

Abin da ya sa muka ga maganar ba ta jira shi ne aikin da ke ɗauke da waƙoƙin yana ƙarewa. Injin niƙa ya maye gurbin dutse a yawancin garuruwa, siminti ya kori daɓe, dandali kuma ya yi shiru a birane. Mun taɓa tura ɗalibanmu lokacin hutu su ɗauko mana waƙoƙin niƙa daga bakin iyayensu mata. Da yawa sun dawo da waƙoƙin finafinai. Wani ya ce mana, "Malam, ai wannan ba waƙa ba ce, surutun mata ne." Wata ɗaliba kuwa ta dawo da shafi huɗu daga bakin kakarta, ta ce tsohuwar ta ƙi rerawa sam, sai da aka nemo mata dutse da tsabar gero ta durƙusa a kai.