Gado a Cikin Manhaja: Nazari kan Yadda Ɗa Ke Kiran Aikin Uba a QEMU

Matasan Karaye da Rogo da ke zama a shagunan cajin waya suna buga ƙwallon PES sun daɗe da sanin manhajar kwaikwayon na'ura, ko da ba da wannan suna suke kiranta ba. PPSSPP da suke turawa juna, wadda Henrik Rydgård ɗan ƙasar Suwidin ya fitar a 2012, aikinta shi ne ta sa wayar Android ta riƙa yin abin da na'urar PSP ta kamfanin Sony ke yi, har wasan ya ɗauka a gidansu yake. Haka ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Bayero: idan ya rubuta manhajar waya a Android Studio, wayar da ke fitowa a allon kwamfutarsa don gwaji ba ta da jiki, kuma a kan wata manhaja mai suna QEMU aka gina ta.

Fabrice Bellard, wani Bafaranshe, shi ya fara QEMU a 2003. Yau tana kwaikwayon ƙwaƙwalwar na'ura iri-iri, kamar x86 da ARM da RISC-V, da ɗaruruwan kayan haɗi, daga katin sadarwa zuwa faifan ajiya. Yawancin waɗannan kaya 'yan uwan juna ne. Kowannensu sai an kunna shi, an mayar da shi yadda yake tun farko idan an sake tayar da na'ura, an kuma cire shi idan an gama. Sake rubuta wannan ga kowace na'ura ɓata lokaci ne, kuma hanya ce ta yawaita kuskure. Maganin da masu rubuta manhaja suka samo shi ne gado.

Al'adar ta samo asali ne daga harshen Simula 67, wanda Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka tsara a birnin Oslo na ƙasar Norwe. Ana rubuta aji guda mai ɗauke da ayyukan da kowa ke buƙata, wannan shi ne uba. Sai a fitar da wani aji daga gare shi, ya gaji duk ayyukan, ya ƙara nasa, ya sauya wanda bai dace da shi ba. A nan tambayar take: idan ɗa ya sauya wani aiki, amma yana son a yi na uban tukuna ko bayan nasa, ta ina zai kai gare shi? A Smalltalk da Java da Python kalma guda ce, super, harshen ne ke nemo uban da kansa. QEMU kuwa da harshen C aka rubuta ta, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a farkon shekarun 1970, kuma C bai san aji ba balle gado. Shi ya sa a 2012 aka shigar da wani tsari mai suna QOM, wanda Anthony Liguori ya jagoranta, don a gina gadon da hannu.

A QOM kowane aji yana bayyana kansa a wata takarda mai suna TypeInfo: sunansa, sunan ubansa, girmansa, da aikin da zai shirya shi, wato class_init. Aji kansa jeri ne na gurabe, kowane gurbi na riƙe da adireshin wani aiki. Lokacin da za a kafa ajin ɗa, sai QEMU ta kwafe guraben uba gaba ɗaya ta zuba a farkon na ɗan, sannan ta kira class_init nasa ya gyara abin da zai gyara. Ke nan abin da ɗa ya gada kwafi ne. Kamar ɗan malami ne da ya kwafe kundin mahaifinsa: idan ya goge wani shafi a nasa ya rubuta sabo, bai taɓa na uban ba, amma shi ba shi da wannan shafi kuma, sai in ya juye shi a wata takarda kafin ya goge.

Juyewar nan ita ce al'adar da masu QEMU suka ɗauka. A duba ƙwaƙwalwar ARM, dangin da ke cikin kusan duk wayar Tecno ko itel da ake sayarwa a kasuwar Farm Centre ta Kano. Silsilarta a QEMU ta taso daga abu, zuwa na'ura, zuwa ƙwaƙwalwa, zuwa ƙwaƙwalwar ARM. Kowace na'ura tana da gurbi mai suna realize, aikin da ke kammala haɗa ta ta zama mai aiki. Ajin ARM yana da nasa, domin sai ya tantance siffofin da samfurin ke da su, amma yana buƙatar na babban ajin ƙwaƙwalwa ma. Don haka aka ware masa ƙarin gurbi mai suna parent_realize. Yayin shirya ajin, ana ɗauke adireshin aikin uba a ajiye a wannan gurbi, sannan a ɗora na ɗa a tsohon wurin. Idan aikin ARM ya gama nasa, sai ya kira abin da aka ajiye. Daga baya aka samar da wani ɗan aiki, device_class_set_parent_realize, mai yin ajiya da sauyi a layi guda, don kada wani ya juya musu jeri.

Sabon shiga yakan ga wannan a matsayin dogon zagaye. Ai akwai object_class_get_parent, mai ba da uban kowane aji. Me zai hana a tambayi na'ura ajinta, a nemi ubansa, a kira aikinsa? Abin da zai hana shi ne jika. A ce na'urar da ake haɗawa Cortex-A15 ce, wadda ajinta ɗa ne ga ajin ARM, kuma ta gaji realize ɗinsa ba tare da sauyi ba. Aikin ARM na cikin gudana sai ya tambayi na'urar ajinta, ta ce Cortex-A15. Ya nemi uban wannan aji, aka miƙo masa ajin ARM, wato shi kansa. Sai ya kira kansa, ya sake tambaya, ya sake kiran kansa, har wurin da ake ajiye kiraye-kirayen ya cika manhajar ta faɗi. Uban da ake nema shi ne uban ajin da aka rubuta aikin a cikinsa, ba uban ajin na'urar da ke hannu ba. Gurbin ajiya bai da wannan matsala, domin shi ma ana kwafe shi zuwa ga jika da adireshin da ya dace a ciki. Masu Python ma sun san irin wannan tarko, idan mutum ya miƙa wa super ajin abin da ke hannunsa maimakon ajin da yake rubutu a ciki.

Akwai al'ada ta biyu a QEMU da ke juya lamarin. A dangin na'urorin PCI, inda katin sadarwa na e1000 yake, uba ne ke riƙe da realize. Shi zai samar wa na'urar wurin zama a layin PCI, ya shirya mata rajista, sannan ya kira wani gurbi na dabam da ya bar wa 'ya'yansa su cika. A nan ɗa ba zai manta da uba ba, tunda ba shi ke kira ba. Abin da ya rasa shi ne 'yancin zaɓar lokacin da aikin uban zai gudana.

Idan aka auna al'adar ajiya, alherinta a fili yake: mai karatu yana ganin inda aka ajiye, da inda aka kira, babu abin da harshe ya ɓoye masa. Aibinta kuma nauyi ne da ta ɗora wa ɗan Adam. Kowane aikin da aka sauya sai an ware masa gurbinsa. Wanda ya manta bai kira uba ba, mai tattara manhaja (compiler) ba zai ce masa uffan ba. Na'urar za ta tashi da rabin shiri, matsalar ta ɓullo can gaba a wurin da ba a zata ba. Tsarin GObject, wanda manhajojin GNOME ke amfani da shi, shi ma a harshen C yake, amma yana ajiye adireshin ajin uba gaba ɗaya sau guda, a kai ga kowane aikinsa ta nan. Wannan ya fi sauƙin rubutu. Duk da haka, ga manhajar da mutane masu yawa daga kamfanoni dabam-dabam ke zuba mata aiki, a ganina bayyana kowane kira ya fi taƙaita shi amfani, kuma inda tsarin ya yarda, barin uba ya kira ɗa ya fi duka aminci.

Hausawa sun ce kyan ɗa ya gaji ubansa, amma a manhaja gadon ba ya tabbata sai an san yadda aka shirya shi. Ɗalibanmu da yawa sun haddace super don cin jarrabawa ba tare da sun ga abin da ke ƙarƙashinta ba. Rubutun QEMU a buɗe yake ga kowa, kyauta, kuma da zarar an sauke shi ana iya karanta shi a Karaye ko Rogo ba tare da data ba. Mai son fahimta ya fara da qom/object.c ya ga yadda ake kwafe aji, ya wuce target/arm/cpu.c ya ga ajiya da kira, sannan ya zauna ya rubuta ƙaramin nasa, uba da ɗa da jika, da harshen C.