Dattijon da ke Sauraron Wuƙaƙe

Kafin ya kai hannu jikin inji, burodi yake fara nema. Na ga haka da idona a wani gidan burodi da ke bayan unguwarmu a Kano, ranar da aka kira shi ya duba injin yanka da ya shekara yana ba su wahala. Dattijo ne, makanikin injinan abinci, wanda ya yi ƙuruciyarsa a masana'antun Bompai lokacin da suke tashe. Ya ce a kawo burodi uku da suka huce, a saka su ɗaya bayan ɗaya. Da suka fito sai ya baje yankan a kan tebur, yana ɗaga kowanne yana duban gefensa a hasken taga.

"Alhaji," ya ce da mai gidan, "wuƙaƙenka sun dakushe, shi ya sa ɓurɓushi ya yi yawa. Wannan mai sauƙi ne. Waɗannan da suka karkace kuma, wuƙa biyu ce ta saki, shi ma ba abin damuwa ba ne. Abin da nake so in sani shi ne me ya sa na gefen dama duk suka fi kauri ta ƙasa."

Tambayar da aka kira shi a kanta guda ce: a gyara, ko a sayi sabo? Alhaji ya riga ya karɓo farashin sabon inji, kuɗin kuwa sun hana shi barci. Ni kuma a ranar na gane cewa amsa wannan tambayar sana'a ce mai zaman kanta, daban da iya kwance noti da ɗaure shi.

Injin yanka irin na gidajen burodinmu ba shi da wani sirri. Firam biyu ne, kowanne da jerin wuƙaƙe masu haƙora irin na zarto. Ɗaya na hawa, ɗaya na sauka, moto na juya su ta hanyar bel. Tun 1928 da aka fara sayar da yankakken burodi a garin Chillicothe na jihar Missouri a Amurka, da injin da Otto Rohwedder ya ƙera, dabarar jera wuƙaƙe su yanke burodi a tashi ɗaya tana nan. Shi ya sa dattijon yake raba jikin inji gida biyu. Akwai kayan da aka yi su don su cinye: wuƙa, bel, boris, bushin, har ma moton kansa. Akwai kuma ƙashin baya, wanda idan ya tafi ya tafi ke nan.

Sai ya kashe wuta, ya zare soket da hannunsa, ya shiga kaɗa wuƙaƙen da farce ɗaya bayan ɗaya kamar mai gwada tsirkiyar molo. Wadda ta ɗaure daidai takan yi ƙara siririya, wadda ta saki kuwa sai ta amsa da murya mai kauri. Biyu ya samu, kamar yadda ya faɗa tun daga kallon burodi. Ya sa aka kunna, ya dafa bakin sukudireba a gidan boris, ya kara ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido. Ya taɓa moton da bayan hannu, ya sunkuya ya shinshina ko zai ji ƙaurin kwayil. Duk wannan bai kai minti goma ba. Abin da ya ci masa lokaci shi ne firam ɗin dama: ya kwance shi gaba ɗaya, ya ɗora a kan wani faifan gilashi da yake yawo da shi cikin buhu, ya danna kusurwa huɗun bi da bi. Da ya murɗe, da ya yi rawa a kan gilashin, kuma firam da ya murɗe ko an buga shi ya miƙe ba ya daɗewa yake komawa gidan jiya. Wannan ya kwanta lafiya lau. Laifin na bushin ne da ya cinye ta gefe guda, abin da masu injin sassaƙa ƙarfe a Ƙofar Ruwa za su fitar masa da sabo a yini ɗaya.

A nan na zaci magana ta ƙare. Ashe yanzu aka zo inda ya fi ba muhimmanci. Ya ɗauko tocila da ɗan maganaɗisu, ya shiga leƙa lungunan da burodi ke gogawa. Farin ƙarfe na ƙwarai da ake yi wa kayan abinci, wanda ake kira 304, maganaɗisu ba ya kama shi sosai. Tiren wannan injin kuwa caraf ya kama, ga tsatsa ta fara cin gefensa a ƙarƙashin fenti. Burodinmu mai sukari ne da bota, ɓurɓushinsa yana manne wa ƙarfe, ya haɗu da danshi ya zama gidan fumfuna. Dattijon ya ce shi ba ya tambayar ko inji na yanka. Tambayarsa ita ce ko yaro zai iya kwance shi ya wanke ko'ina ya mayar kafin a tashi aiki. Duk lungun da burushi ba ya kaiwa, duk waldar da aka bari da ramuka, a wurinsa aibi ne da ya fi karyewar bel nauyi.

Gaskiyarsa kuwa. A 2008 cutar listeriya ta kashe fiye da mutum 20 a Kanada, aka bi sawunta har zuwa masana'antar nama ta Maple Leaf Foods da ke Toronto, inda ƙwayoyin cutar suka laɓe can cikin injinan yanka, wurin da wankin yau da kullum ba ya isa. Nama ya fi burodi haɗari nesa ba kusa ba, amma darasin ɗaya ne ga duk injin da wuƙarsa ke ratsa abin da mutane za su ci.

Sai aka zauna lissafi, kuma a nan ma ba ya gaggawa. Bai yarda a auna kuɗin gyara da kuɗin sabo kawai ba. Yakan tambaya: kwana nawa injin zai tsaya, kuma kantunan da ke jiran yankakken burodi da asuba za su jira ka? Ana samun wuƙaƙensa a Kano ko a Fanteka ta Kaduna, ko sai an yi oda daga waje? Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,400 a farkon 2024, wannan tambayar ta ƙara nauyi, ga mai sayen sabo da mai gyaran tsoho baki ɗaya. Yana kuma duba farantin da ke manne a jikin moto. Tsofaffin injinan da ake kwasowa daga Amurka an yi su ne don wuta mai bugu 60 a daƙiƙa, tamu kuwa 50 ce, don haka moton da aka rubuta masa juyi 1,750 a minti zai dawo wajen 1,450, ya riƙa zafi idan ba a daidaita ƙarfin wutar ba. Da yawa an yi ta naɗa musu kwayil ana gyaran gangar auzinawa, alhali sauya moton ne magani. Tambayarsa ta ƙarshe ita ce inda mai gida ya dosa. Tazarar wuƙaƙe a firam take, in milimita 12 ce to 12 ce har abada, kuma injin da aka yi don ɗaruruwan burodi a awa ba zai koma na dubbai ba ko an zuba masa moto mai ƙarfin doki nawa.

Abin da ya fi burge ni da shi, yana iya furta kalmar da za ta hana shi kuɗi. A wani gidan na ji ya ce da mai inji, "Ɗana, kada ka ba ni wannan aikin. In na karɓi kuɗinka, bayan wata uku za ka sake kirana." Firam ɗin wancan ya sha walda har sau uku, tsatsa kuma ta huda ƙasansa. Kuɗin mota kawai ya karɓa ya tafi.

Na Alhaji kuwa ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Aka sauya wuƙaƙe duka a tashi ɗaya, domin sabuwa da tsohuwa ba sa ja daidai. Aka sa bushin da boris, aka cire tiren nan mai tsatsa aka ƙera na farin ƙarfe, aka daina shafa baƙin giris na mota aka koma wanda aka yi don injinan abinci. Akwai abu biyu da Alhaji bai nema ba, dattijon ya ce ba zai mayar da injin ba sai da su: murfi mai makunnin da ke yanke wuta da zarar an ɗaga shi, da jan maɓalli babba inda tafin hannu zai same shi ko ido a rufe. Ya lura da yadda yaron da ke aikin yake tura burodin ƙarshe da yatsunsa har dab da wuƙa, sai ya yanko masa farar roba mai kauri, ya yi mata mariƙi.

Ranar da aka gama ya sake neman burodi uku. Ya jera yankan, ya haɗa na farko da na ƙarshe baya da baya, ya shafa gefensu da babban yatsa, sannan ya miƙa wa yaron robar ya ce, "Zo ka tura in gani."