Tarken Bakin Titi: Matsayin Shawarar Masu Karatun Nishaɗi a Ƙagaggun Labaran Kano

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci tarken adabi, abin da yakan faɗo wa manazarci a rai shi ne aikin da ake yi a jami'a, inda ake ɗaukar littafi a feɗe shi, a fito da jigonsa da salonsa da zubi da tsarinsa. To, amma akwai wani irin tarke da ya daɗe yana gudana a Kano ba tare da an raɗa masa suna ba, watau hukuncin da mai karatu yake yanke wa littafi a lokacin da yake miƙa shi ga ɗan'uwansa, ko dai ya ce masa lalle ya karanta, ko kuwa ya ce kada ya ɓata lokacinsa. Wannan maƙala za ta dubi irin wannan hukunci kamar yadda ya gudana a kewayen Titin Ibrahim Taiwo, tsakanin Fagge da Sabon Gari, tun daga wajen 1984. Manufarta ita ce ta nuna cewa shawarar masu karatun nishaɗi tarke ce mai ma'auni, wadda ta yi tasiri a kan siffar ƙagaggen labarin Hausa fiye da rubuce-rubucen masana, ko da yake tana da giɓin da sai manazarci ne zai cike shi.

2.0 Wurin da Mutanensa

Fagge tun asali zango ce ta fatake a bayan ganuwar birni. Sabon Gari kuwa ta kafu ne bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, ta zama mazaunin baƙi daga kudu. A nan aka buɗe gidan siliman Rex a 1937, daga baya aka yi Plaza a Fagge. Saboda haka yankin ya daɗe da zama ƙofar da baƙin kaya da baƙin labarai suke shigowa ta cikinta. Titin da ya ratsa Fagge ta gefen Kantin Kwari yana ɗauke da sunan Kanar Ibrahim Taiwo, gwamnan soja na Jihar Kwara, wanda aka kashe a yunƙurin juyin mulkin 1976. A wannan shekarar ce kuma aka soma shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa a Nijeriya. Sa'an nan a 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilmin Manya ta Jihar Kano. Waɗannan matakai biyu suka haifar da ɗimbin matasa da matan aure masu iya karanta Hausar boko, waɗanda ba su yi nisa a Turanci ba, suna kuwa da ƙishin abin karantawa.

Kafin wannan lokaci, hukuma ce take zaɓa wa Bahaushe abin da zai karanta. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. Gasar Kamfanin NNPC ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina a 1980. A duk waɗannan, alƙalai ne suke tacewa, kamfani ya buga, ma'aikatar ilmi ta sa a manhaja. Da tattalin arziƙi ya karye a shekarun 1980, manyan kamfanoni suka ja da baya daga buga ƙagaggun labarai, sai marubuta suka shiga kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed yana cikin na farko-farkon wannan tafarki. Daga nan babu alƙali, babu manhaja. Littafin da zai rayu sai wanda mai karatu ya yaba wa mai karatu.

3.0 Yadda Littafi Yake Yawo

Marubuci yakan kai littafinsa ga manyan dillalai a Kasuwar Sabon Gari ko a cikin birni, daga nan 'yan tebur da masu talla su sara, su baza a bakin titi da tashoshin mota da wajen Bata. Amma ciniki bai nuna yawan masu karatu ba, domin akasarinsu ba saye suke yi ba. Hanya ta farko ita ce haya: shaguna a cikin unguwanni suna ba da littafi na kwana ɗaya ko biyu a kan ɗan kuɗi kaɗan. Ta biyu ita ce aro, tsakanin ƙawaye da maƙwabta da ɗaliban makarantun kwana. Ta uku ita ce karatu a bayyane, inda wadda ta iya take karanta wa waɗanda ba su iya ba, abin da gidajen rediyon Kano suka faɗaɗa daga baya da shirye-shiryen karanta littattafai.

A kowane mataki, littafi ba ya tafiya shi kaɗai, da magana yake tafiya. Matar da take kulle takan aiki yaro shagon haya da sunan littafin da ƙawarta ta yaba mata a gidan biki. Idan ba a samu ba, mai shago ya ba da wani, ya ce a gaya wa Hajiya wannan ma irinsa ne. Yaron kanti a Kwari yakan karɓa daga maƙwabcinsa bayan ya ji rabin labarin da baki. Ashe ke nan mai shagon haya ya zama wani irin alƙali, domin shi ya san littafin da ya yage saboda yawan hannu, da wanda ya kwanta ƙura ta rufe shi. Bugu da ƙari, marubuta da yawa sukan buga adireshinsu a jikin littafi, masu karatu su aiko da wasiƙun yabo ko na suka, hukuncin ya koma har wurin mai alƙalami.

4.0 Ma'aunin Masu Karatu

Ana iya cewa wannan duk son rai ne, ba tarke ba. Amma idan aka kasa kunne ga kalmomin da ake yaba littafi da su, za a ga sun taru a kan ma'auni huɗu. Na farko shi ne daɗi, watau ikon labari ya riƙe mutum har ya kasa ajiyewa; wannan shi ne abin da manazarci yake kira jan hankali a zubi. Na biyu shi ne darasi ko ma'ana. Littafin da aka ce babu darasi a cikinsa an rage masa daraja ko da ya yi daɗi, wannan kuwa hukunci ne a kan jigo. Na uku shi ne kama da gaskiya, inda za a ji ana cewa kamar a gidan wance aka yi. Na huɗu shi ne Hausa, watau iya sarrafa zance, musamman a hirar masoya da cacar bakin kishiyoyi, wanda shi ne salo.

Littattafai biyu za su isa misali. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a farkon shekarun 1990, labarin Sumayya ce, 'yar masu hali, da ta so Muhammad talaka, aka nemi a tilasta mata auren attajiri Abdulƙadir, har ta faɗa rijiya. Ba manhaja ce ta yaɗa shi ba. Matasa ne suka ga damuwarsu game da auren dole da auren kuɗi a cikinsa, suka yi ta miƙa wa juna. Na biyu shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu (1990), labarin Rabi, wadda mijinta Alhaji Abdu, ɗan kasuwa a Sabon Gari, ya kora da 'ya'yanta bayan ya auro Delu, ta riƙe gidanta da sayar da abinci, shi kuwa gobara ta cinye dukiyarsa. A nan ma'auni na uku ne ya yi aiki, domin kasuwar da gidan da halin mijin duk sanannu ne ga mai karatu. A 2012 aka buga fassararsa ta Turanci da Aliyu Kamal ya yi, a kamfanin Blaft na ƙasar Indiya. Watau hukuncin da matan Kano suka yanke, sai bayan shekara 22 masu karatu na wasu ƙasashe suka sami damar tabbatar da shi.

A farkon shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya kira waɗannan rubuce-rubuce Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da ƙananan littattafan kasuwar Onica. Muhawara ta biyo baya a jaridu, inda Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme suka sa baki. An yi ta ja-in-ja a kan marubuta da ingancin aikinsu, amma wanda ake yin rubutun dominsa bai sami kujera a zauren ba. Da an lura, kalmar kasuwa da aka yi nufin rage daraja da ita tana ɗauke da gaskiyar al'amarin, domin a kasuwa ne ake tayi, a ƙi ko a sallama.

5.0 Tasiri a kan Zubi

Babbar shaidar ƙarfin wannan tarke tana cikin siffar littattafan kansu. Akasarinsu sirara ne, an karkasa labari ɗaya zuwa kashi biyu ko uku ko fiye, kowane kashi ya tsaya a daidai inda hankali ya tashi. Dalilin kuɗi yana ciki, domin marubuci yakan jira cinikin na ɗaya kafin ya buga na biyu. Amma a tsakanin kashi da kashi ne masu karatu suke tattaunawa, su yi hasashe, su zaɓi wanda suke so tauraruwa ta aura, maganar kuwa takan isa kunnen marubuci kafin ya kammala. Irin haka ya taɓa faruwa a Ingila. Ɗakin hayar littattafai na Mudie, wanda ya soma ba da haya a Landan a 1842 a kan fam ɗaya da sule ɗaya a shekara, shi ya riƙe al'adar buga ƙagaggen labari cikin juzu'i uku, domin mutum uku su yi hayar labari ɗaya a lokaci guda. Da masu hayar suka ƙi ci gaba da saye a kan tsohon farashi a 1894, sai al'adar ta mutu cikin 'yan shekaru. Can da nan, hanyar da littafi yake bi ya isa hannu ita ce take yanka masa riga.

6.0 Inda Ya Gaza

Duk da haka, tarken bakin titi yana da rauni uku. Na farko, yana son abin da ya saba da shi. Tambayar da ta fi yawa a shagon haya ita ce ko akwai irin wancan, don haka idan labarin kishiya ko na attajiri ya karɓu, sai a yi ta haifar masa ƙanne, marubucin da ya zo da sabon salo kuwa ya rasa mai taya shi. Na biyu, yabonsa ba ya zama kuɗi a hannun marubuci, domin littafi guda yana iya ratsa unguwa sukutum alhali sau ɗaya aka saye shi. Na uku, wanda ya fi muni, ba shi da ajiya. Hukunci ne na baka, yana tafiya da mai shi, littattafan kuma a kan takarda marar ƙwari aka buga su, da yawa babu shekarar bugu. Jerin da Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka wallafa a 2004 ya ƙunshi littattafai sama da 700 na tsakanin 1987 da 2002, amma jeri yana adana suna ne kawai, ba ya adana abin da aka ce game da littafi.

Rashin wannan ajiya ya yi illa a 2007, lokacin da gwamnatin Jihar Kano, ta hannun hukumar A Daidaita Sahu, ta ƙona littattafan da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata, daga baya kuma Hukumar Tace Fina-finai ta nemi marubuta su yi rajista. An yi wa adabin kuɗin goro, alhali masu karatunsa sun daɗe suna rarrabe mai darasi da marar darasi. Da muryarsu tana rubuce, da an sami hujjar bambance tsaba da tsakuwa.

7.0 Kammalawa

Da wayar hannu ta yaɗu, shagunan haya sun ragu, karatu da shawara suka koma WhatsApp da Facebook da Wattpad, inda ake sakin labari shafi-shafi, masu karatu suna yanke hukunci tun rubutu bai bushe ba. Ma'aunin nan huɗu dai su ne, raunin nan uku ma suna nan. Abin da ya rage ga malamai da ɗaliban manyan digiri shi ne su ɗauki mai karatu a matsayin abin nazari kamar yadda suka ɗauki marubuci: a tattauna da tsofaffin masu shagunan haya na Fagge da dillalan Sabon Gari tun suna raye, a tattara wasiƙun da marubuta suka adana, a rubuta kalmomin yabo da na suka, a gwada su da na ɗakin lacca. Aikin manazarci shi ne ya tuna abin da kasuwa ta manta, ya kuma tsaya wa littafin kirki da bai sami mai taya shi ba. Amma ba zai iya haka ba sai ya fara sanin abin da kasuwar ta faɗa.